Ƙarfen da ke Cikin Buhu

Jiya da la'asar wani daga cikinku ya ce da ni, "Usta, kai kam ka huta, aikinka zama bisa benci da shan shayi." Kuka yi dariya, ni ma na taya ku. To yau ku zauna, ku ajiye robobin nan naku na budura, garin nan da kuke damawa ku sha kafin ku taɓa ƙarfe, in gaya muku abin da mai zama a kan benci yake yi. Zan haɗa muku da labarin Nuru, wannan dai da yake ɗora muku ƙarfe, domin irin robar da ke hannunku ta kusa hana shi ciyar da iyayensa a shekarar da muka yi gudun yaƙi. Ya ce in faɗa, ba ya jin kunya.

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a shi ne ɗinkin buhu. Na tashi daga ƙauyenmu na gefen Rufa'a ina saurayi, na je Wad Madani wurin Usta Haruna, maigidan da ya koya mini sana'ar, ina son kafaɗu irin nasa. Shi tsohon ɗan dako ne a injin gurzar auduga. Da ƙafa ta fara yi masa gardama sai ya kafa rumfa a bayan kasuwa, ya tara ƙarafa, samari suna zuwa ɗagawa. Na zaci ranar zan fara murza ƙarfe. Sai ya miƙo mini basilla da zare da tsofaffin buhunan auduga guda biyu, ya ce in toshe duk wata ɓula, kada ko haske ya shiga.

Amfanin buhunan shi ne rufe ƙarfe. A rumfarsa mai ɗagawa ba ya ɗora wa kansa, ba ya kuma ganin abin da aka ɗora masa. Zai juya ya fuskanci bango, Usta ya jera ƙarafa a kan sanda, ya zura buhu a kowane gefe ya ɗaure bakinsa, sannan ya ce, "Shiga." Na tambaye shi dalili, ya dube ni kamar na tambayi dalilin alwala.

"Ɗan dako bai zaɓen buhu," in ji shi. "Mutum biyu ka ɗora mai, shi tahi. In ya gani da ido, ko shi ji tsoro ko shi yi girman kai, kuma duka biyun suna ɓata baya. Kai dai ɗinka."

Sau ɗaya tak ake cire buhu a shekara, ranar Babbar Sallah da yamma. Ranar ake fito da ƙarafa fili, mutane su taru, kowa ya ga abin da yake iya ɗagawa da idonsa. Sauran ranaku, abin da ke cikin buhu tsakanin usta ne da Allah.

Ƙarafan namu ba irin na shago ba ne masu lamba a jiki. Faifan garmar tarakta ne da ƙasar Jazira ta cinye bakinsa, da siminti da muke zubawa a gwangwanin madara, da gangar birkin babbar mota. Kowanne da sunansa. Akwai Kisira, saboda siranta kamar gurasarmu mai wannan suna, akwai Bawan Allah da ba ya cutar da kowa, akwai kuma gangunan birki biyu da muke kira Tagwaye, waɗanda ba kowane namiji yake shiga ƙarƙashinsu ba. Faifai biyu ba sa taɓa zuwa daidai, don haka sai ka ɗauki kowanne a hannu, ka rufe ido, ka ji wanda ya fi, ka kai wa mai walda ya liƙa wa ɗayan noti. Na daɗe ina wannan kafin Usta ya yarda in ɗora wa ko da mutum ɗaya. Sanda in ta karkata da ɗan kaɗan, ba a ranar ake gani ba, sai bayan watanni mutum ya fara tafiya a gicciye.

Amma ainihin aikin kallo ne, wannan da kuke kira zama. Tun daga ƙofa nake fara ɗora wa mutum. Ina duba tafiyarsa, ina duba idonsa. Wanda ya kwana yana ba gonarsa ruwa daban yake shigowa da wanda ya kwana a gado. Wanda ya yi faɗa a gida yana zuwa da ƙarfin da ba nasa ba, sai ka rage masa ba tare da ya sani ba. In ya shiga ƙarƙashin sanda kuma ina kallon diddigensa, da gwiwarsa, da inda yake riƙe numfashi. Da na dawo ƙauye da buhunan nan biyu na kafa tawa rumfar, na ga mutane iri-iri. Na ga ango da ya zo saura mako biyu ɗaurin aure yana son ƙirji. Na ga ɗan kasuwa da yake son tumbi ya tafi amma kada a hana shi asida, tuwon nan namu. Duk na ɗora musu, duk sun tafi da bayansu lafiya.

Nuru ya zo mini yana cikakken saurayi, shi ke riƙe da hawashar babansa, wato gonar da suke nomawa a ruwan Jazira, domin tsohon ƙafa ta riga ta kama shi. Ban taɓa samun mai baya irin nasa ba. Ba ya gardama, ba ya waiwaye, in ka ce shiga sai ya shiga. Haka muke lafiya lau har wani ɗan uwansa da ke aiki a Saudiyya ya aiko masa da roba baƙa mai rubutun Turanci. Ciki gari ne ja, yana ƙamshin alewa. Ya ɗebi ɗan ludayin da ke ciki ya dama da ruwa ya shanye. Ba a jima ba ya fara sosa kunne, yana zagaye rumfa kamar wanda ake jira a wani wuri. Da ya gama ɗaga ƙananan ƙarafa, damtsensa ya cika ya yi tam, jijiyoyi suka fito raɗa-raɗa. Ya tsaya gaban madubin lorin da na rataye a jikin gungume ya ƙi matsawa.

"Usta, diba! Wallahi wanga abu ƙarhi na tsantsa!"

Kafin wata ya ƙare rabin rumfar sun samo tasu daga shagunan Madani. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai. Ba haushi na ji ba, so nake in sani. Shekara da shekaru ina ganin ƙarfi yana zuwa a hankali kamar girman bishiya, yau ga shi an ce ana dama shi a kofi. In gaskiya ne, ai ya kamata in sani kafin kowa.

Na karɓi aron robar na hau mota zuwa Madani, na kai wa wata mai kantin magani, 'yar mutanenmu ce da ta yi karatu a jami'a. Ta juya robar ta karanta a tsanake. Ta ce abubuwa uku ne manya a ciki. Na farko shi ne abin da ke cikin gahawa mai hana barci, amma ludayi ɗaya ya fi ƙarfin jabana, gahawar nan da muke sha, nesa ba kusa ba. Na biyu yana buɗe hanyoyin jini, shi ke sa damtse ya cika. Na uku shi ke sa ƙaiƙayin fuska.

Na ce, "To, yana ƙara ƙarhi ko bai ƙarawa?"

Ta yi dariya. "Baba, masu binciken ma ba su gama daidaitawa ba. Mai hana barcin an san yana taimakawa kaɗan. Mai kumbura damtsen, wasu sun ga ɗan amfani, wasu ba su ga komi ba. Amma duk mai hawan jini ko ciwon zuciya ka hana shi. Sauran kuma, ai kai ad da ƙarfe da mutane, ni takarda gare ni. In ka gano ka zo ka gaya mini."

Na fara da kaina, domin ba na ba mutum abin da ban ɗanɗana ba. Na sha rabin ludayi bayan azahar. Jama'a, fuskata kamar tururuwa ta yi sansani a kai. Na tsaya sallar la'asar a sahu ina ta fama da hannuna kada ya tafi kunne, har na kusa da ni ya saci kallona. Na dawo na share rumfa, na sake share ta, na gyara abin da bai lalace ba. Na ji kamar zan iya ɗaga jaki da kayansa. Da na shiga ƙarƙashin sanda kuwa, abin da na saba ɗagawa shi na ɗaga, ko noti bai ƙaru ba.

A nan buhunan Usta Haruna suka yi mini ranar da bai taɓa zato ba. Tun da ba wanda yake ganin abin da aka ɗora masa, sai na riƙa ɗora wa mutum abu ɗaya ranar da ya sha da ranar da bai sha ba, ina zaune a bencina ina kallo. Na kuma yanki zaren ɗinki ina auna damtse kafin a fara da bayan an gama. Na yi damina guda ina wannan, kuma ga abin da idona ya gani. Kumburin gaskiya ne, zare ya nuna, amma wanda bai sha ba ma yana kumbura in ya yi aiki, na mai sha ne ya ɗan fi. Kafin a kira isha'i duk ya sace, damtse ya koma gidansa. A ƙananan ƙarafa da ake ɗagawa sau da yawa, mai sha yakan ƙara ɗaya ko biyu a ƙarshe, musamman in ya zo a gajiye. Sai dai na ga jabana mai kauri ma tana yin kusan haka. Amma babban ƙarfe, wanda ake shiga ƙarƙashinsa a tashi sau ɗaya, bai san an sha komai ba. Wanda zai tashi da shi zai tashi, wanda ba zai tashi ba ko ya shanye robar yana nan a ƙasa.

Na tara su na gaya musu haka. Wasu suka yarda, wasu suka ce tsufa ne. Nuru ya yi murmushi cikin ladabi.

"Usta, kai kana kallo daga waje. Ni cikin jikina nika ji."

Ban iya musa masa ba, domin na sha na ji abin da yake ji. Abin da ya fara damuna shi ne ranar da bai sha ba. Sai ya shigo kafaɗa a sake, ya ce, "Yau ba ni da komi, Usta, ka sassauta mini." In ce to. In ɗora masa abin da na ga bayansa zai ɗauka, ya shiga ya tashi da shi, ya tafi yana cewa na kyauta da na rage. A irin waɗannan ranaku ne, saura makonni Sallah, na fara zura masa Tagwaye a cikin buhu. Ya tashi da su ba sau ɗaya ba, bakinsa ko ɗigon budura babu. Ban faɗa masa ba, domin usta ba ya faɗa.

Ranar Sallah aka fito da ƙarafa fili. Nuru ya ga Tagwaye a kan sanda tsirara, ya koma gefe ya dama ludayi biyu. Ya shiga, ya tashi da su, gari ya ɗauki ihu, mata suna guɗa. Ya zo ya rungume ni, sannan ya ɗaga robar sama kowa ya gani. A ransa ita ta ɗaga.

Sai shekarar da yaƙi ya iso Jazira. Ba zan tsaya ba ku labarinta ba, kowannenku yana da nasa. Muka bar ƙauye da abin da hannu zai iya ɗauka. Ni buhunan nan biyu na kwance daga sanda na cusa tufafinmu a ciki. Ƙarafan da na tara tun ina saurayi na bar su a rumfa, daga baya aka kwashe su har da madubin. Muka bi motocin da suka yi kudu har Rusairis, inda danginmu manoma suka ba mu wurin kwanciya. Nuru ya iso da babansa a goye daga inda mota ta ajiye su, da mahaifiyarsa Inna Hajara a baya. A cikin ƙullin kayansa har da robar nan, ba komai a ciki.

Aiki ɗaya ne a buɗe ga baƙo mai ƙarfi a lokacin, dako a kasuwar hatsi. Shugaban 'yan dakon, wanda suke kira Rayyis, yana gwada sabon mutum a gaban kowa. Za a ɗora maka buhun dawa, ka hau katakon da aka jingina da lori, ka sauke a ciki, ka dawo a sake ɗora maka. Wanda ya yar ko ya ja da baya ba a cika sake kiransa ba, domin masu jira sun yi yawa. Na raka Nuru ina cewa a raina yau za su ga abin da ba su taɓa gani ba. Da layi ya zo kansa, ya dubi buhun, ya dubi katakon, ya fita daga layi ya tsaya a bayana.

"Ba ni iyawa, Usta. Ƙarhina ya ƙare tun da budura ta ƙare."

Na roƙi Rayyis, na ce baƙo ne, bai warware daga hanya ba. Ya ce saboda furfurata zai sake gwada shi ranar kasuwa ta sama, daga nan kuma halas, shi ke nan. Nuru ya zagaye shagunan Rusairis, ya ƙetara kogi zuwa Damazin, ba wanda ya ma san abin da yake nema. A gidan da suka sauka kuwa, masu gidan ma da kyar suke ci, ga tsoho a kwance.

Inna Hajara ta same ni a gindin bishiyar da nake zama, robar tana ƙarƙashin mayafinta. Ta buɗe ta nuna mini. Ta daka karkade, wato zoɓo, ta tankaɗe, ta haɗa da sukari da ɗan garin gahawa, ja wur kamar na gaske.

"Usta, ka ce mai wani ɗan kasuwa ya samo maka. Maganarka yaka ji. In ƙarya ta, Allah shi ɗora mini, ba kai ba. Mu dai mu ci abinci."

Gaskiya na so in gwada, domin tambayar ta daɗe tana cina, ko jan ruwa kawai zai yi aikin. Ina kuma zaton da zai yi. Amma na duba gaba. In ya hau katakon da karkade a cikinsa, ya ƙara tabbata cewa ƙarfinsa a roba yake, kuma duk ranar da ya gane, ba zai sake yarda da ni ko da ita ba. Na ce ta ba ni kwanakin da suka rage, in ban yi nasara ba mu sake magana. Ta tafi ba ta ji daɗi ba, ni kuwa na ji tsoro, domin cikinsu nake caca da shi.

Na je wurin makanikai na roƙi aron sanda da tarkacen ƙarafa. Wani bawan Allah ya bar ni in zaɓa a bayan garejinsa, a can na ga gangunan birki irin namu sak, na babbar mota iri ɗaya. Na zazzage tufafinmu daga buhunan, na toshe inda suka ɓule a hanya. Na kira Nuru na ce ba gwaji ba ne, motsa jiki ne kawai kada baya ya sandare. Ya ce, "To, amma ka sassauta." Na ce to.

Ranar farko na sassauta da gaske, domin ya rame, kuma ban san abin da hanya ta bari a jikinsa ba. Na zauna a kan tsohuwar taya ina kallon diddigensa. Bayan nan yana nan, bai je ko'ina ba. Kullum da safe sai in ƙara kaɗan, shi kuwa kullum sai ya ce yau ma ba shi da komai. Ana gobe kasuwa na ce ya fuskanci bango, na zura gangunan biyu, na ɗaure bakin buhu. Ya shiga. Ya sauka, ya tsaya a ƙasa har na miƙe daga kan taya, sannan ya taso a hankali, ya mayar da sanda wurinta.

"Ka gani ko?" in ji shi yana haki. "Ko wanga ɗan kaɗan da kyar na tashi."

Ranar ba Sallah ba ce. Na roƙa wa Usta Haruna gafara a zuciyata, na kwance igiyar, na zare buhun dama, na zare na hagu. Nuru ya tsaya yana kallon gangunan. Ya matsa ya shafa ɗaya, ya ɗan jijjiga ta ya ji ko ta gaske ce.

"Tagwaye," ya ce.

"'Yan uwansu na. Sun fi buhun Rayyis nauyi."

Ya ɗago ya dube ni. Can ya ce, "Can gida fa? Ranakun da nika ce maka ka sassauta?"

"Tun kahin Sallah kaka tashi da su, ba ka sha komi ba."

Ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hannu. Na ba shi wuri, na tafi ina naɗe buhuna.

Washegari ya shiga layi. Mutum biyu suka ɗora masa, bai dubi buhun ba, katakon kawai ya duba. Ya hau, katako yana lanƙwasa, ya sauke, ya dawo ya juya musu baya. Na bar ƙirgawa. Da rana ta take Rayyis ya wuce ta gabana bai tsaya ba, ya ce, "Ɗan naka shi zo da wuri gobe." Da yamma Nuru ya shiga gida da ƙullin dawa a kafaɗa. Inna Hajara ta dama karkaden nan da ke cikin roba da ruwan sanyi, ta zuba mana a kofi, muka sha da asida har da tsohon.

Da muka dawo gida na je Madani neman mai kantin maganin in ba ta amsarta, na tarar da kantin a rufe, ba wanda ya san inda ta koma. To ku zan ba amsar. Ban hana ku sha ba, in zuciyarku lafiya take kuma ba ku wuce ludayi ɗaya ba. Zai wartsake ku, zai cika muku damtse har zuwa isha'i, wataƙila ya ƙara muku ɗaya a ƙarshe. Yanzu ku tashi, rana tana tafiya. Kai mai cewa na huta, kai za ka fara. Fuskanci bango, Nuru zai ɗora maka.